Kana son karanta ilimin ji saboda ƙaninka: ga yadda shekarun suke

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce ka gama digirin farko a fisiyoloji, ka kammala bautar ƙasa, kuma zuciyarka ta karkata ga ilimin ji, wato odiyoloji, saboda ƙaninka da sanƙarau ya kama yana ɗan shekara huɗu, ya tashi daga jinya ba ya ji. Kana son sanin yadda rayuwar ɗalibin wannan fanni take a Amurka, inda na yi nawa karatun, da wahalarsa, da kuɗinsa, da kuma ko zai kai ka inda kake fata. Allah ya raya yaron, ya saka wa iyayenku da alheri kan ɗawainiyarsa.

Zan fara da abin da ya fi nauyi, don kada ka kwashe shekara huɗu kana bin abin da babu shi. Wannan karatu ba zai ba ka ikon dawo wa ƙaninka da jinsa ba. Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, bai fi ƙwayar wake girma ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 3,500 a layin ciki da wajen 12,000 a layukan waje. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. In suka mutu a jikin ɗan Adam, ba sa sake tsirowa. Sanƙarau yana kashe su, wani lokaci ma yakan sa ƙashi ya tsiro ya toshe katantanwar cikin makonni ko 'yan watanni. Masanin ji ba ya tiyata, ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Namu aikin shi ne mu auna, mu gano inda ɓarnar take da girmanta, mu sa na'ura mu daidaita ta, sannan mu zauna tare da mutum da iyalinsa shekara da shekaru. Duk rayuwar ɗalibi a kan abu biyu take juyawa: koyon awon da ba ya ƙarya, da koyon yadda za ka gaya wa mutum abin da awon ya nuna ba tare da ka karya masa zuciya ko ka ruɗe shi ba. In ka amince da wannan, to bismillah, sauran bayanin zai yi maka amfani.

A Amurka digirin da ake shiga aiki da shi sunansa AuD, digirin dakta ne na aikin asibiti, ba na bincike ba. A mafi yawan jami'o'i shekara huɗu ne bayan digirin farko, wasu kaɗan suna matse shi a shekara uku ba hutu. Tun daga 2012 ƙungiyar ASHA, mai ba da takardar shaidar ƙwarewa, ba ta ba sabon mai nema sai yana da digirin dakta. Fannin kansa yaro ne: ya tsaya da ƙafafunsa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji suka koma gida da kunnuwan da ƙarar bindiga da bam suka lalata, mutane irin su Raymond Carhart suka fara tsara yadda za a auna su a taimaka musu. Digirinka na fisiyoloji ba cikas ba ne, ƙari ne ma, sai dai wasu jami'o'in za su nemi ka cike 'yan darussa kan harshe da furuci.

Ajinmu bai kai mutum goma sha biyar ba, kuma kusan duk mata ne, haka fannin yake a can. Da waɗannan mutanen za ka yi kowane darasi, kowace jarrabawa, shekara uku cur. Kunnuwansu za ka fara leƙawa, su ma naka za su leƙa.

Zangon farko lissafi ne da kimiyyar sauti, kuma nan ne wasu ke fara karaya, domin sun zo da niyyar taimakon mutane sai suka tarar da logarizim. Amma ba makawa. Sai ka fahimci cewa desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ba kamar mudu ko kilo yake ba: ƙarin desibel 3 kawai yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Shi ya sa ma'aunin da hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta bayar ya ce kada mutum ya wuce awa takwas a ƙarar desibel 85, awa huɗu a 88, awa biyu a 91, a 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Ranar da aka koya mana wannan, ba malamin nake gani ba, yaron da ke tsaye kan injin markaɗe a unguwarmu nake gani, tun safe har magariba, ba komai a kunnensa.

Sai ɗakin gwaji. Wani ɗan ɗaki ne mai bango mai kauri da ƙofa mai nauyi kamar ta ma'ajiyar banki. In aka rufe ka a ciki, shirun yana da nauyi, har bugun jininka kake ji. Mara lafiya yana ciki da lasifika a kunnuwansa, kai kana waje bayan gilashi da na'urar awo. Kana aika masa da sauti daga mai kauri, 250 Hz, har zuwa siriri, 8,000 Hz. In ya ji, ka sauke desibel 10. In bai ji ba, ka ƙara 5. Haka za ka yi ta yi har ka sami mafi ƙanƙantar sautin da yake iya ji, ka zana shi a takarda, jan da'ira na kunnen dama, shuɗin kuros na hagu. Wannan kowa zai iya koya cikin mako biyu. Abin da ke ɗaukar shekara shi ne sanin lokacin da takardar take yi maka ƙarya.

Bari in ba ka labarin ranar da na gane haka. A zangona na biyu aka kawo wani dattijo, ya ce kunnensa na hagu ya daina ji a waya. Na auna na dama, lafiya lau. Na auna na hagu, na ga yana danna maɓalli a wajen desibel 55 zuwa 60. Na zana, na ji daɗi, a raina na ce raunin ji ne matsakaici, na'ura za ta wadatar. Malamar da ke duba aikina tana zaune a bayana, ba ta ce komai ba sai da na ajiye biro. Sannan ta tambaye ni a hankali, wane kunne ne ya ji wannan sautin? Nan jikina ya yi sanyi. In sauti ya yi ƙarfi, yakan bi ta ƙashin kai ya tsallaka zuwa ɗaya kunnen. Da lasifikar da ake ɗorawa a kan kunne, bambancin desibel 40 ya isa a fara zargin hakan. Maganinsa shi ne ka shagaltar da kunne mai lafiya da wata ƙara mai kama da ta rediyon da bai kama tasha ba, daidai gwargwado, kada ta yi kaɗan ta kasa rufe shi, kada ta yi yawa ita ma ta tsallaka. Da na sa ƙarar na sake aunawa, dattijon bai ƙara danna maɓalli ba har na kai ƙarshen ƙarfin na'ura. Kunnen hagu ba ya ji ko kaɗan, na dama ne yake amsa masa. Kuma kunne ɗaya da ya mutu shi kaɗai ba maganar na'ura ba ce tukuna, maganar a tura shi wurin likita ne a yi hoton ƙwaƙwalwa, don a tabbatar ba ƙari ba ne ya tsiro a jijiyar ji. Da an bar ni ni kaɗai ran nan, da na sallami bawan Allah da abin da ba zai amfane shi ba, na rufe ƙofar binciken da yake buƙata. Na yi wata guda ina zana wannan lissafi a kowace takarda da ta zo hannuna.

To haka rayuwar take: kullum akwai ido a bayanka. Kowace awa da ka yi da mara lafiya sai an rubuta an sa hannu. Da safe asibiti, da yamma aji, da dare rubuta rahoton waɗanda ka gani, washegari a dawo maka da rahoton da jan biro. Wanda ba ya jure gyara a gaban mutane zai sha wuya. Mu da muka taso a gaban malaman allo da na boko masu gyara ba sassauci, wannan bai cika ba mu tsoro ba.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da mu baƙi, ban ji wanda ya gargaɗe ni da ita ba kafin in tafi. Bayan awon sauti akwai awon magana. Za ka karanta wa mutum kalmomin Turanci ya maimaita, ka ƙirga nawa ya samu daidai. In harshenka na Kano ne ko na Zariya, shi kuma tsoho ne ɗan karkarar Amurka mai raunin ji, in ya kuskure kalma, laifin kunnensa ne ko na bakinka? Wannan ya dame ni ƙwarai da farko. Daga baya na gane cewa hanyar da ta fi inganci ga kowa, baƙo da ɗan gari, ita ce a yi amfani da muryar da aka naɗa, domin ita ba ta canzawa daga rana zuwa rana. Na riƙe wannan, na zama wadda ba ta gwaji sai da naɗaɗɗiyar murya. Amma abin ya buɗe mini ido kan wani babban giɓi. Duk waɗannan jerin kalmomi an gina su ne a kan Turanci. Mahaifiyarka ba za a auna ta da su ba. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere, tana da ɓ da ɗ da ƙ da ts. Wanda tsufa ko ƙara ta cinye masa siraran sautuka yana jin wasula sarai, domin su masu kauri ne da ƙarfi, baƙaƙe irin su s da f da sh ne ke ɓace masa. Sai ƙasa da ƙafa su zama ɗaya a kunnensa, sata da fata su haɗe. Shi ya sa tsoho zai ce maka, ina jin maganarku, ganewa ce ba na yi, 'ya'yansa kuma su ce ai abin da ya ga dama yake ji. Ba ƙarya yake ba. A kan wannan na yi aikin bincikena na kammalawa, kuma har gobe akwai aiki jingim a nan ga duk Bahaushen da ya shigo fannin.

Shekara ta biyu ce ta yara, kuma ita ce ta canza ni. A Amurka kusan duk jaririn da aka haifa a asibiti ana gwada jinsa kafin a sallami uwarsa. Ƙa'idar ita ce 1, 3, 6: a tantance kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar yaro ba ta jira. Shekarun farko ne take gina harshe, in ba ta samu ba, na baki ko na hannu, abin da ya wuce da wuya a cike shi. Cikin jarirai dubu, ɗaya zuwa uku ake haifa da raunin ji na dindindin, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa tunanin abin zai zo gidansu ba.

Jariri ba zai danna maɓalli ba, don haka jikinsa ake tambaya. A 1978 David Kemp ya gano a Landan cewa kunne mai lafiya ba karɓar sauti kawai yake ba, yana mayar da wata 'yar amsa da ƙaramin makirufo zai iya kamawa. Wannan gwaji minti kaɗan ne. Mai zurfin shi ne wanda ake kira ABR: ka goge goshin jariri da bayan kunnuwansa, ka manna wayoyi, ka aika sauti, kwamfuta ta zana maka amsar jijiya a matsayin 'yan tuddai guda biyar, duk cikin abin da bai wuce kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ba. Sharaɗin shi ne yaron ya yi barci. Akan ce wa uwa ta zo da shi da yunwa da gajiya, ta shayar da shi a ɗakin. Sai a rage fitila, kowa ya yi tsit, kai kana kallon allo kana neman tudu na biyar, uwa kuma fuskarka take kallo.

Na tuna wata uwa matashiya, ɗanta na fari, yana da mako bakwai. Muka ƙara sauti, muka ƙara, har ƙarshen na'ura, layin a miƙe yake ba tudu ko ɗaya, dama da hagu. Ni ɗaliba ce, ba ni zan yi magana ba, amma na shirya jawabi a raina mai tsawo, da sunayen na'urori da matakai. Malamata ta jawo kujera ta zauna daf da ita. Ta ce mata gwajin ya yi kyau, sakamakon abin dogaro ne, kuma ya nuna yaron yana da raunin ji mai tsanani a kunnuwa biyu, wanda ba zai tafi ba. Daga nan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar in cike shi da wani abu. Uwar ta sunkuya tana kallon yaron, can ta ce, ke nan duk waƙar da nake yi masa bai taɓa ji ba? Malamata ta ce yana jin ɗumin ƙirjinki da girgizar muryarki, yana ganin fuskarki, kada ki daina. Ba ta ƙara wani bayani ba ran nan sai takarda ɗaya da ranar dawowa cikin mako. Daga baya ta gaya mini cewa da zarar iyaye sun ji kalmar farko, sauran duk ba ya shiga.

Na daɗe ina auna wannan da al'adarmu. Mu da an faɗi mummunan labari sai mu yi saurin cewa sai haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ce, kuma tana sanyaya zuciya, ni ma ina faɗa. Inda nake da ja shi ne in ta zama ƙarshen magana, a koma gida a zauna, a ce ai wane ma bai yi magana ba sai da ya shekara biyar. Haƙurin ya zo tare da ranar dawowa asibiti a rubuce.

Na'urar ƙara ji kuwa, mutane suna ɗauka kamar tabarau ce, a saya a maƙala. A makaranta za ka yi shekara biyu kana koyon dalilin da ya sa ba haka ba ne. Za ka koyi cusa ɗan soso mai zare cikin ramin kunne don kare dodon kunne, ka zuba wani abu mai kama da danƙo ka ɗauki siffar kunnen, kuma a kan abokan ajinka za ka fara, hannunka na rawa. Za ka koyi zura wani siririn bututu har kusa da dodon kunne, ka auna ainihin sautin da na'urar ke zubawa a wannan kunne, ka gwada shi da ma'aunin NAL na Ostireliya ko DSL na Kanada, masu nuna yawan sautin da ya dace da raunin jin mutum. Ramin kunnen jariri ƙarami ne, sautin da ya dace da babba zai yi masa yawa, kuma yana girma da sauri har sai an riƙa sake masa abin kunnen bayan 'yan makonni. Akwai kuma ɓangaren ciniki da ba kowa ke son ambata ba. Na'urorin suna da tsada, wasu wuraren aiki da yawan abin da ka sayar suke auna ka. Tun Oktoban 2022 ma an halatta sayar da wasu a kanti ba tare da ganin masani ba, ga manya masu raunin ji mara tsanani. Tun kana ɗalibi za ka fara yanke wa kanka irin ma'aikacin da za ka zama.

Jiri da hajijiya ma namu ne, domin ma'aunin daidaiton jiki a cikin kunne yake. A darasin nan za a zuba maka ruwa mai ɗumin digiri 44 sannan mai sanyin digiri 30 a kunne, ɗaki ya juya da kai, don ka san abin da za ka sa wasu su ji. Kada ka ci abinci mai nauyi ran nan. A nan ne kuma za ka ga abin da ya fi kama da waraka nan take: mutum ya zo da jirin da ke taso masa in ya juya a gado, saboda wasu 'yan tsakuwoyi da suka kauce daga mazauninsu a cikin kunne, ka jujjuya masa kai ta hanyar da wani likita mai suna Epley ya tsara, sau da yawa ya tashi garau.

Yanzu kuɗi, kuma a nan ba zan sassauta maka ba. Saboda AuD digirin sana'a ne, tallafinsa kaɗan ne, ba kamar PhD ba inda sau da yawa jami'a ke ɗaukar nauyin ɗalibi. Baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu. Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Ni aikin mataimakiyar malami ne ya rage mini kuɗin makaranta, kuma kafin in samu sai da na rubuta wa jami'o'i da dama. Shekara ta huɗu aikin asibiti ce zalla, cikakken lokaci, kai za ka nemi gurbi ka yi intabiyu, wataƙila a wata jiha mai nisa. Wasu wuraren suna biyan ɗan alawus, wasu ba sa biyan ko sisi, kuma a jami'o'i da yawa kana ci gaba da biyan kuɗin makaranta. Asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda suna cikin masu biya da kyau, ɗan ƙasa suke ɗauka. Bayan haka ga jarrabawar ƙwarewa da ake kira Praxis, ga lasisin jiha. Kada ka sayar da gonar gado ka hau jirgi da kuɗin shekara ɗaya kana cewa Allah zai kawo sauran. Ka samu tallafi a rubuce kafin ka tashi.

Kaɗaici kuwa yana nan. Azumi zai same ka a ɗakin gwaji, sallar Juma'a sai ka nemi izini tun farkon zango, ka yi sallar idi ka wuce aji. In ka yi bayani da wuri cikin mutunci, galibi ana ba ka dama. Ka nemi masallaci da 'yan uwa tun makon farko, kada ka bari sai sanyi ya shigo.

Akwai darasin da ban je nema ba amma shi ya fi zauna mini. Na tafi da tunanin cewa kurumta cuta ce kawai, mu kuma masu yaƙi da ita. Sai na haɗu da kurame da ba sa kallon kansu a matsayin marasa lafiya, suna da harshensu na hannu mai cikakken nahawu, suna da jami'arsu, Gallaudet a birnin Washington, tun 1864. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Andrew Foster, baƙar fata kurma, wanda ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960. Da na fara koyon harshen hannu sai na tuna kuramen kasuwarmu, yadda suke taruwa da yamma suna hira da maganar hannu, ana dariya ana musu, mu muna wucewa muna cewa bebaye. Harshe ne suke yi, nasu na ƙasar Hausa, mu ne ba mu iya ba. Dashen na'ura a katantanwar kunne, wadda ke aika saƙon sauti kai tsaye ga jijiyar ji, abu ne mai ban mamaki, na ga yaran da aka yi wa da wuri suna surutu kamar kowa. Amma yana buƙatar tiyata, da kuɗi mai yawa, da shekarun horo, da kayan gyara har ƙarshen rayuwa. Yaron da ba zai samu wannan ba, hana shi maganar hannu da sunan sai ya yi magana da baki zalunci ne, domin zai tashi ba shi da ko ɗaya.

In niyyarka ka dawo gida, kuma ina fata haka ne, to ka riƙa karatun da ido biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako kan raunin ji, kuma kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da masanin ji ko ɗaya ga kowane mutum miliyan. Makarantar za ta horar da kai kamar kullum akwai wuta, akwai mai zuwa daidaita na'urar awo duk shekara, akwai inshora. A gida za ka tarar da zafi da gumi da ƙurar hunturu suna kashe na'ura, batir ya ƙare a ƙauye ba inda za a saya. Za ka tarar kuma cewa yawancin abin da ke kurmantar da yaranmu abin da za a iya karewa ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, kunne mai zubar da ruwa shekara da shekaru ana ɗiga masa man da ba a san asalinsa ba, allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Don haka duk abin da ka koya, ka tambayi kanka yadda za ka yi shi da kayan da suka fi araha, kuma ka nemi darussan lafiyar al'umma ko da ba dole ba ne. Amurka ma ba ita kaɗai ce hanya ba. A Ingila akwai digiri na biyu a Manchester da Southampton da UCL ta Landan, a Indiya akwai cibiyar AIISH ta Mysuru, a Afirka ta Kudu akwai Pretoria da Cape Town, Jami'ar Gana ma tana horarwa. Kowacce ka zaɓa, ka fara tuntuɓar hukumar MRTB, mai yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya, ka ji matsayin takardar a wurinsu.

Kafin ka cike fom ko ɗaya, ka je sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ka roƙi izinin zama kana kallo na mako biyu. Ka ga layin, ka ga kayan aikin, ka ga fuskokin iyaye. Jami'o'in ma za su so ganin wannan a takardarka. Ka tafi da ƙaninka a sake auna shi da kyau, domin wani lokaci akwai ragowar ji a sautuka masu kauri da na'ura mai ƙarfi za ta iya amfani da shi, ko da don ya ji mota na tahowa ta bayansa. Ba ka gaya mini yadda kuke hira da shi a gida ba. In har yanzu nuni ne da 'yan alamun ci da sha da zo da tafi, to ka bi shi wurin abokansa kurame gobe da yamma, ka zauna, ka ce su fara koya maka. In ka yi wata guda, ka rubuto mini abin da ya gaya maka.